YADDA ƘWAƘWALWAR TUNKIYA KE FAMA DA JAN ƘARFE IN YA YI YAWA

Kowa ya san jan ƙarfe, wanda waɗansu ke kira jan gaci. Da shi maƙera ke ƙera mundaye da zobba, shi ake ja a yi wayar lantarki, har ma sunan kwabo daga sunansa na Turanci aka samo shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan ƙarfe yana cikin ciyawar da dabbobi ke ci, yana cikin jininsu, yana kuma cikin ƙwaƙwalwarsu, ko da yake ɗan kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa. In ya gaza dabba ta yi ciwo, in ya yi yawa ta mutu. Cikin dabbobin gida duka kuwa babu wadda yawansa ke saurin kashewa kamar tunkiya. Nufinmu a nan mu bayyana wa masu karatu inda wannan ƙarfe ke bi cikin jikin tunkiya, da yadda ƙwaƙwalwa ke tsare kanta daga gare shi, da abin da kan faru sa'ad da tsaron ya kasa.

AMFANINSA GA ƘWAƘWALWA

Kafin mu faɗi ɓarnarsa ya kamata mu faɗi amfaninsa. Cikin shekarar 1928 waɗansu masana na jami'ar Wiskonsin ta Amurka suka tabbatar da cewa jiki ba ya iya yin jini sosai sai da jan ƙarfe. Daga baya aka gane ƙwaƙwalwa ma tana bukatarsa ainun. Da taimakonsa ƙwayoyinta ke sarrafa abinci da iskar numfashi su sami ƙarfin aiki. Da shi ake haɗa waɗansu daga cikin sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su. Sa'an nan in babu shi, farin kitsen nan da ke lulluɓe jijiyoyi, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki, ba ya ginuwa daidai.

Makiyayan Ingila da na Ostareliya sun daɗe suna fama da wani ciwo na 'ya'yan tumaki. Akan haifi ɗan tunkiya ya kasa tsayawa, ko kuwa ya yi 'yan makonni lafiya lau, sa'an nan ƙugunsa ya fara tangaɗi, ƙafafun baya su riƙa harɗewa, har ya kwanta. Cikin 1937 masana biyu, Bennetts da Chapman, suka nuna a Ostareliya ta Yamma cewa ƙarancin jan ƙarfe ne a jikin uwa sa'ad da take da ciki ke jawo shi, in kuwa aka ba uwar ɗan kaɗan kafin ta haihu, sai ɗan ya fito lafiya. Ashe ke nan ƙwaƙwalwa ba ta da halin rufe ƙofa ta ce ba ta son wannan baƙo. Tilas ta karɓe shi, amma da mudu.

Dalilin mudun kuwa shi ne, jan ƙarfe kamar garwashi yake. In yana cikin murhu ya dafa tuwo, in ya faɗa kan jinka ya cinye gida. Muddin yana ɗaure a jikin sinadaran da aka tanada dominsa, aiki yake yi. Da ya kuɓuce yana yawo shi kaɗai, sai ya haɗu da iskar numfashi da ke cikin jiki, su haifar da waɗansu abubuwa masu ƙuna da ke cin kitsen da aka gina bangon ƙwayoyin jiki da shi. Ƙwaƙwalwa kuwa ga ta da yawan kitse, ga ta da yawan shan iskar numfashi, saboda haka tana cikin gaɓoɓin da suka fi shiga hatsari.

HANTA ITA CE RUMBU

In tunkiya ta ci ciyawa, abin da hanjinta ke tsotsa na jan ƙarfen da ke ciki bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran ya fita da kashi. Ɗan da ke shan nono kuwa yakan tsotse kashi 70 ko fiye. Abin da aka tsotsa jini ya kai shi hanta. Hanta ta raba shi uku: wani ta ɗora shi kan wani sinadari ta sake shi cikin jini domin amfanin sauran jiki, wani ta ajiye, wanda ya yi saura kuma ta zubar ta ruwan maɗaciya ya koma hanji.

To, a nan ne raunin tunkiya yake. Hantarta gwana ce wajen ajiya, amma raggo ce wajen zubarwa. Abin da alade ko kaza za su fitar ta maɗaciya ba wuya, ita sai ta yi ta tarawa. Cikin lissafin da masana na Amurka suka fitar a 2005, iyakar abin da tunkiya ke jurewa miligiram 15 ne cikin kowane kilo na busasshen abinci, saniya 40, alade da kaza kuwa 250. Mai karatu ya duba tazarar nan da kyau, gama ita ce tushen maganar duka.

Tarawar nan takan ɗauki makonni ko watanni, dabba tana ci, tana ƙiba, mai ita yana murna. Hantar lafiyayyar tunkiya ba ta cika wuce miligiram 500 cikin kilo ba in an busar da ita an auna. In ya haura 1,000, to, rumbu ya cika har ya fara tsagewa. Sai wata rana wahala ta zo, ko doguwar tafiya, ko jigila cikin mota, ko yunwa, ko sauyin yanayi, ƙwayoyin hanta su mutu da yawa gaba ɗaya, abin da suka tara ya kwarara cikin jini. Nan da nan jajayen ƙwayoyin jini su farfashe. Dabba ta daina ci, ta yi laushi, ƙishirwa ta dame ta, ido da dasashi su yi rawaya irin ta ciwon shawara, fitsari ya koma ja mai duhu. Da yawa sukan mutu cikin kwana ɗaya zuwa uku. In aka feɗe, sai a tarar kitse ya yi rawaya, ƙoda kuwa ta kumbura ta yi baƙi tana ƙyalli.

GANUWA DA ƘOFOFINTA

Yanzu ga tambaya. A ran da jini ya cika da jan ƙarfe haka, jinin nan kuwa yana ratsa ƙwaƙwalwa dare da rana, me ke hana ƙarfen malalewa cikinta?

Cikin 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobi allurar rini cikin jini. Da ya feɗe su sai ya ga gaɓoɓi sun rinu, ban da ƙwaƙwalwa da laka. Almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin cikin 1913, ya zuba rinin cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki, sai ƙwaƙwalwa ta rinu, sauran jiki bai rinu ba. Da haka aka gane lalle akwai shamaki tsakanin jini da ƙwaƙwalwa.

Ga yadda shamakin yake. A sauran jiki, ƙananan hanyoyin jini suna da 'yan kafofi tsakanin ƙwayoyin da suka yi bangonsu, abubuwa suna zurarewa ta nan. A ƙwaƙwalwa kuwa ƙwayoyin nan sun manne da juna gam, kamar tubalin da aka yaɓe ba a bar tsaga ba. Watau dai birni ne mai ganuwa, duk mai shiga sai ta ƙofa. Kowane irin kaya da ƙofarsa, sukari da tasa, jan ƙarfe da tasa. Ƙofar da ke shigar da jan ƙarfe cikin ƙwaya masana suna kiranta CTR1. Akwai kuma waɗansu biyu, ATP7A da ATP7B, waɗanda aikinsu tura shi gaba ne ko fitar da shi waje. Mafi yawan jan ƙarfen da ke cikin ruwan jini kuwa a ɗaure yake jikin babban sinadarin nan da hanta ta ɗora shi a kai, ba ya wucewa ta ƙofar. Sai ɗan abin da ke sake-sake kaɗai ke samun shiga.

Akwai shamaki na biyu. Cikin kogunan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani tattausan nama mai kama da geza, shi ne ke tace jini yana yin ruwan nan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki. Wannan nama yakan kama jan ƙarfe da yawa ya riƙe a jikinsa, yakan kuma tsotse wanda ya yi yawa cikin ruwan.

Wanda ya wuce ganuwa kuma bai isa ga ƙwayoyin jijiya kai tsaye ba tukuna. Da yake ƙwayoyin jijiya su ne masu aikin ji da gani da motsi, in kuwa sun mutu da wuya a sami madadinsu, sai aka kewaye su da barori. Waɗannan barori ƙwayoyi ne masu rassa ta kowane gefe, in an dube su da madubin likita kamar taurari, don haka za mu kira su taurarin ƙwaƙwalwa. Rassansu sun naɗe hanyoyin jini kusan ko'ina, har ya zama duk abin da ya shigo su yake fara tararwa, kamar yadda baƙo ke fara tsayawa a zaure. In jan ƙarfe ya shigo da yawa sai su haɗiye shi, su ƙara yin wani ƙaramin sinadari mai suna metalotayonin, wanda aka fara ganowa cikin ƙodar doki a 1957. Shi wannan sinadari yana da farar wuta da yawa a jikinsa, da ita yake damƙe ƙarfen, ƙwara ɗaya tana iya riƙe har goma sha biyu. Garwashin da aka rufe cikin kasko ba ya ƙona kome. Daga wannan ajiya ne taurarin ke ɗiba suna miƙa wa ƙwayoyin jijiya gwargwadon bukatarsu.

Tsaron dai hawa uku ne: ganuwa mai ƙofa, da gezar da ke tace ruwa, da taurari masu ajiya.

ABIN DA AKA GANI CIKIN TUMAKI NA KULLUM

Da masana suka ba tumaki jan ƙarfe da gangan har suka kamu, suka auna gaɓoɓinsu, sai suka ga na hanta ya ninka sau da yawa, na ƙoda ya hau sosai bayan fashewar jini, amma na ƙwaƙwalwa bai motsa ba sai kaɗan. Ganuwa ta yi aikinta ke nan.

Duk da haka waɗansu daga cikin tumakin da jininsu ya fashe sukan nuna alamun taɓuwar kai. Sukan yi ta cizon haƙora, su dafe goshi jikin bango, su yi tafiya kamar ba sa gani. In aka duba ƙwaƙwalwarsu da madubin likita, sai a ga farin sashenta ya yi 'yan ramuka birjik kamar soso, ruwa ya shiga tsakanin ninkin kitsen da ke lulluɓe jijiyoyi. To, in ƙarfe bai shiga ba, me ya yi wannan ɓarna?

Masana suna danganta ta da faɗuwar hanta da ƙoda. Cikin tumbin tunkiya kullum ana samun wani sinadari mai wari, amoniya, irin wanda ke tashi daga tsohon fitsari a turke. Hanta ce ke juya shi ya zama abin da ƙoda za ta fitar. In hanta ta lalace, ƙoda kuma ta toshe da tarkacen jinin da ya fashe, sai dattin nan ya taru cikin jini. Amoniya kuwa ganuwa ba ta tare ta sosai. Taurarin nan su ne kuma masu kwashe ta, suna ta kwasa har su kumbura, aikinsu ya rikice. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon da ya tsage a nan hanta ce, ta wannan tsaga ce cuta ke isa ƙwaƙwalwar tunkiya ta kullum.

TUMAKIN BAKIN TEKU

Amma akwai wani irin tumaki da al'amarinsu ya saɓa wa wannan, daga gare su ne kuwa aka koyi abu mai yawa. Can arewa da Sikotilan akwai tarin tsibirai da ake kira Okini. Wanda ya fi kowanne nisa arewa cikinsu shi ne Ronalse ta Arewa, ɗan ƙaramin tsibiri da tsawonsa bai fi mil 3 ba sai kaɗan. Cikin 1832 mutanen wurin suka gama gina katangar dutse mai tsawon kimanin mil 13, tsayinta kamar ƙafa 6, ta kewaye tsibirin, domin su keɓe ƙasa mai kyau ga noma da shanu. Tumaki aka bar su waje, tsakanin katanga da teku. Tun daga lokacin abincinsu ciyawar teku ce. In ruwa ya janye su sauka su yi kiwo, ko da dare ne, in ya dawo su hau tudu su yi tuƙa. Mata kaɗai akan shigar cikin katanga na 'yan watanni lokacin haihuwa.

Ciyawar teku kuwa jan ƙarfen da jiki ke iya samu daga gare ta kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka tunkiyar da jikinta ya fi iya wawurar ɗan abin da ke akwai ita ce ta rayu ta bar baya, har irin duka ya zama haka. Wannan baiwa ce a bakin teku. Amma da masu son kiyaye irin suka ɗebi waɗansu suka kai su makiyaya ta ciyawa a wasu wurare, sai suka riƙa mutuwa da gubar jan ƙarfe, a kan ciyawar da sauran tumaki ke ci su ƙoshi lafiya.

Wata likitar dabbobi ta jami'ar Libaful, Susan Haywood, da abokan aikinta sun yi shekaru suna binciken waɗannan tumaki. Cikin 2008 suka bayyana cewa a jikinsu, in jan ƙarfen hanta ya hau, na ƙwaƙwalwa ma yana hawa tare da shi. Suka ga kuma taurarin ƙwaƙwalwarsu sun sauya kama, sun cika da metalotayonin, alamar cewa suna ta kama ƙarfen da ya ƙetare ganuwa. Cikin 2014 suka ƙara da cewa ƙofar nan CTR1 ta fi yawa a shamakin ƙwaƙwalwar waɗannan tumaki bisa ga na tumakin gida. Watau yunwar ƙarfe ta zamani da zamani ta sa jikinsu ya yawaita ƙofofi, har a ganuwar ƙwaƙwalwa, ran da wadata ta zo kuma ƙofofin suna nan buɗe. Nauyin tsaro duka sai ya koma kan taurari, su kuwa ajiyarsu tana da iyaka.

Abin da ya sa likitocin mutane suka kula da wannan labari shi ne, akwai ciwon gado a cikin 'yan Adam da ya yi kama da shi ta wani fanni. Likita Kinnier Wilson ne ya bayyana shi a Ingila cikin 1912, ana kuwa kiransa da sunansa. Cikin 1993 aka gano ATP7B ce ke da lahani ga masu shi. Hantarsu ba ta iya zubar da jan ƙarfe ta maɗaciya, sai ya taru shekara da shekaru, ya malala cikin jini, ya shiga ƙwaƙwalwa, ya kawo makyarkyata da sarƙewar harshe. Ciwon tumakin Ronalse ba shi ne ciwon Wilson ba, amma ya ba masana dabbar da za su duba su ga yadda ƙarfe ke ƙetare ganuwa, da yadda taurari ke tarbarsa.

ABIN DA YA SHAFI MAI KIWO

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. A ƙasarmu mutane da yawa sukan ɗaure rago wata uku ko huɗu suna turka shi domin Babbar Salla, yanzu kuwa ban da harawa da dusa da ƙowa akwai abincin buhu iri iri a kasuwa. Ga abubuwan da ya kamata a kiyaye.

Na fari, abincin da aka haɗa domin kaji ko aladu ko maruƙa akan ƙara masa jan ƙarfe daidai da jikin waɗannan, kada a ba tumaki. Haka kuma kashin kajin gona da waɗansu ke busarwa su gauraya da dusa, gama abin da kaza ta zubar na ƙarfen yana cikinsa. Na biyu, dutsen lasa da aka yi domin shanu a duba takardarsa, ko a tambayi mai sayarwa, a nemi wanda aka yi domin tumaki. Na uku, shuɗin gishirin nan na jan ƙarfe da ake jiƙawa a wanke kofato ko a kashe dodon koɗi, kada a bar ruwansa inda tumaki za su sha.

Na huɗu, in rago ɗaya ya yi rawayan ido da jan fitsari, a kira ma'aikacin dabbobi da gaggawa, gama akwai waɗansu cututtuka masu irin wannan alama, shi ne zai rarrabe. In ta tabbata jan ƙarfe ne, to, a sani sauran da suka ci daga kwami ɗaya su ma hantarsu a cike take, ko da ana ganinsu garau. A janye abincin, a bar su su huta, kada a ɗora su a mota zuwa kasuwa a wannan hali. Akwai magani. Tun 1945 masana biyu, Dick da Bull, suka gano a Ostareliya cewa wani ƙarfe mai suna molibdinam yana rage jan ƙarfen da hanta ke tarawa. Daga baya aka gane in ya gamu da farar wuta cikin tumbi, sukan zama wani abu da ke damƙe jan ƙarfe ya hana hanji tsotsarsa. Da wannan ake yi wa garke magani, amma awonsa aikin likita ne, domin in ya zarce sai a faɗa ɗaya ramin, watau ƙarancin nan da ke sa 'ya'ya tangaɗi.

Muna fata waɗanda suka karanta wannan za su bayyana wa iyaye da maƙwabta masu turka, tun ba dattawa da mata ba, waɗanda sau da yawa ragon nan guda shi ne jarinsu na shekara. Buhun abincin kaji da aka samu da araha yana iya cinye ragon duka ana saura mako guda Salla.